Maƙwabcinmu Bayahude ya rasu, in shiga gaisuwa ko in yi zamana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka ki amsa min da wuri don abin yana cina a rai. Muna zaune a Manchester ni da maigidana da yaranmu, aikin jinya nake yi, unguwar da muka samu haya kuma cike take da Yahudawa irin masu baƙar hula da gemu ɗin nan. Maƙwabcinmu na jikin katanga wani dattijo ne, wallahi Anti tunda muka tare mutumin nan bai taɓa nuna mana wani bambanci ba, ranar fitar da shara in mun manta shi ke ja mana kwandon zuwa bakin titi, da hitarmu ta mutu a tsakiyar sanyi shi ya kira mai gyara ya tsaya a kai har aka gama. Wanda ba zan taɓa mantawa ba shi ne wata Juma'a da daddare, autana zazzaɓi ya yi masa zafi ya fara jijjiga ido ya kakkafe, babansu yana aikin dare, ban san sanda na fita ba ko takalmi babu na dinga dukan ƙofarsu. Ya fito da wata jaka da 'yar oba-oba a hannu, ya kwantar da yaron ta gefe ɗaya, ya cire masa rigar sanyin da na jibga masa, yana duba agogo yana min magana a hankali kamar ba komai, kafin kace me motar asibitinsu ta iso, matarsa kuma ta zauna min da sauran yaran har gari ya waye.

To shekaranjiya Allah ya karɓi abinsa, zuciyarsa ce ta tsaya, kafin in dawo daga aiki washegari har an kai shi. Yanzu gidan cike yake da mutane ƙofa a buɗe, 'ya'yansa da jikoki duk sun zo. Ina son in shiga amma wani abokin maigidana yace bai halatta ba, wai kuma da abin da ake yi a Gaza ina ni ina gidan Bayahude, wai ai su ba sa taimakon kowa sai nasu. Anti ya halatta in je? In naje me zan ce, me zan kai? Wata a wurin aiki tace in sayi furanni.

Maman yara, daga Manchester

AMSA

Wa alaikumussalam ƙanwata. Masu karatu, ita na riga na ba ta gajeriyar amsa ta waya ranar da saƙon ya shigo, don zaman makokinsu kwana bakwai ne ba zai jira fitowar mujalla ba. Abin da nace mata shi ne ta shiga, kuma ta bar furannin nan a shago. Ga doguwar amsar saboda 'yan uwanmu da ke zaune a waje suna ta ƙaruwa, irin wannan tambayar ba za ta ƙare a kanta ba.

Bari mu fara da maganar halacci tunda ita ta tsaya miki a wuya. A Bukhari da Muslim akwai hadisin da aka wuce da gawa ta gaban Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai gawar Bayahude ce, yace ashe ba rai ba ne? A Bukhari ɗin dai akwai yaron nan Bayahude da ke yi masa hidima, da ya kwanta rashin lafiya Annabi da kansa ya taka ya je dubiya. Abdullahi bin Amr kuwa in an yanka akuya a gidansa tambayar da yake yi ita ce an kai wa maƙwabcinmu Bayahude, sannan ya karanto hadisin wasiyyar Jibrilu kan maƙwabci. Ki ƙara da aya ta 8 a suratul Mumtahana wadda ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba kuma ba su kore ku daga gidajenku ba. Shi ya sa malamai da yawa suka tafi a kan cewa yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya ya halatta, inda suka ja layi shi ne nema wa mamacin gafara da kuma shiga cikin ibadarsu. Ke kuma ba wannan za ki je yi ba, za ki je ki ba matar da ta kwana da 'ya'yanki haƙuri ne.

Maganar Gaza kuwa, babu mai zuciya a ƙirji da abin bai taɓa ba, amma abokin maigidanki ya manta cewa Alƙur'ani ya maimaita ba sau ɗaya ba cewa wata rai ba ta ɗaukar laifin wata. Dattijon da ya fito da jaka cikin dare ba shi ya jefa bam ba. Kuma dan Allah in kin shiga kar siyasa ta fito daga bakinki, ko wani ya ɗauko ta ki kau da kai, gidan makoki ne.

Akwai abin da kika gani a daren nan da ƙila ba ki san nauyinsa ba. Daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa shigar dare ranar Asabar irin waɗannan Yahudawan masu riƙo da addini ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya, ko wutar lantarki ba sa kunnawa, hutun Asabar kenan. Abu guda da ke ɗage wannan dokar shi ne ceton rai, shi ya sa ya ɗauki oba-oba ba tare da ya tsaya tunani ba. Motar da ta zo kuma daga yadda kika siffanta ta ƙungiyar Hatzola ce, 'yan agaji ne na sa kai, wani ɗan kasuwa wani malamin makaranta wani akawu, sun koyi taimakon gaggawa suna yawo da kayan aiki a but ɗin mota, in kira ya shigo wanda ya fi kusa shi ke rugawa. A unguwar Williamsburg ta Brooklyn a Amurka aka fara ta a shekarun 1960, yanzu akwai ta a Landan da Manchester da wasu ƙasashen, da gudummawar jama'a take tafiya kuma ba sa tambayar addinin wanda ya kira. Kinga zancen wai ba sa taimakon kowa sai nasu, ɗanki da ke wasa a falo yanzu ya isa amsa.

In kuma abokin maigidan yana son wani misalin, ya nemi labarin Aaron Feuerstein, Bayahude mai riƙo da addini, mai masaƙar Malden Mills a garin Lawrence na jihar Massachusetts. Ranar 11 ga Disamba 1995, daren da ake bikin cikarsa shekara 70, gobara ta cinye masaƙar, kowa ya ɗauka zai karɓi kuɗin inshora ya rufe ko ya koma inda lebura ke da araha, sai ya ci gaba da biyan ma'aikata wajen 3,000 albashinsu wata da watanni alhali ba a aiki, ya kashe kusan dala miliyan 25 a kan haka, kuma yawancinsu ba Yahudawa ba ne. Bai gama da riba ba fa, kamfanin ya durƙushe a 2001 daga baya ma ya fita daga hannunsa, ya rasu a Nuwamban 2021 yana da shekara 95. Ba ina ce miki duk Bayahude haka yake ba, kowace al'umma da nagari da mugu, ina dai cewa hukuncin jimla ba adalci ba ne.

Yanzu abin da za ki tarar a ciki. Saurin binnewar da ya ba ki mamaki haka suke, ba sa son gawa ta daɗe, in da hali cikin kwana ɗaya an kai ta sai dai in Asabar ko wani idinsu ya gitta. Suna da wata ƙungiya da suke kira Hebra Kadisha, su ke wanke mamaci, maza su wanke maza mata su wanke mata, a sa masa farin likkafani marar aljihu, mai kuɗi da talaka iri ɗaya, a sa a akwatin katako marar ado, kuma daga mutuwa zuwa binnewa ba a barin gawa ita kaɗai, akwai mai zama kusa da ita yana karanta Zabura. Aikin nan a wurinsu yana cikin mafi daraja saboda alheri ne ga wanda ba zai taɓa iya rama maka ba, da yawa masu yinsa ma ba sa faɗa, kar ki yi mamaki in a zaman nan kika ji cewa maƙwabcin naki yana cikinsu. Wannan son gaggawar binnewa ya taɓa haɗa mu da su a layi ɗaya a Ingila, a 2018 wata ƙungiyar jana'izarsu mai suna Adath Yisroel ta kai ƙarar jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta wani yanki na arewacin Landan, wadda ta kafa dokar cewa ba za ta gabatar da wata gawa kan wata saboda addini ba kowa ya bi layi, babbar kotu ta ce dokar ta saɓa ƙa'ida ta soke ta, Musulmin yankin suka amfana da hukuncin daidai da su.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai zaman kwana bakwai da suke kira shiva ya fara, daga ranar binnewa ake ƙirgawa. Masu zaman su ne mata ko miji, 'ya'ya, iyaye da 'yan uwan ciki ɗaya. Za ki gansu a kan wasu gajerun kujeru kusa da ƙasa, ba takalmin fata a ƙafarsu, maza ba aski, an lulluɓe madubai da ƙyalle, ga kyandir guda yana ci dare da rana har kwana bakwan. In kika ga rigar ɗansa a yage ta wajen ƙirji kar ki ɗauka haɗari ne, da gangan ake yagawa, wanda ya rasa uwa ko uba ta hagu saitin zuciya, sauran ta dama. Ƙofar da kika gani a buɗe don kar mai makoki ya tashi tarbar kowa ne, ba a buga ƙararrawa, ki tura ki shiga kawai.

Ga inda mu Hausawa za mu iya yin kuskure, mu da gaisuwa ba ta ƙarewa a bakinmu. A al'adarsu baƙo ba ya fara magana, kina shiga ki nemi wuri kusa da matar ki zauna ki yi shiru, ita za ta fara, in ba ta ce komai ba shirun ma ya wadatar. Ba a tambayar ya gida ya aiki, ba a cewa ai ya huta ko ai ya tsufa. In ta buɗe baki, to a nan ne za ki ba da abin da kika zo da shi, wato labarin daren nan. Ki faɗa mata da 'ya'yansa yadda kika faɗa min, da kwandon sharar da hitar da rigar sanyin da ya cire wa yaron, kar ki rage komai don kina ganin ƙaramin abu ne. Zaman nan gaba ɗaya don haka aka yi shi, a zauna a yi ta ba da labarin mamaci, kuma mutum irin wannan na tabbata rabin abin da ya yi 'ya'yansa ba su sani ba, wanda ya auri 'yarsa daga wani gari ko jikan da ya tashi a Landan bai taɓa jin cewa kakansa ya taɓa ceton ɗan wata baƙuwa 'yar Afirka ba. In autan naki ba mai ƙiriniya ba ne sosai ki riƙo hannunsa ki nuna musu shi na ɗan lokaci. Za a yi kuka, ke ma za ki yi, ba komai.

Kar ki daɗe, minti ashirin zuwa rabin awa ya isa. In za ki tashi, Yahudawan Ingila suna da kalmar da suke faɗa wa mai makoki, da Turanci kawai za ki ce kina yi mata fatan tsawon rai, shikenan, za ta gane kin san abin da kike yi. Kina iya ƙarawa da Allah ya ba ku haƙuri da juriya, duka biyun addu'a ce ga mai rai babu inda suka taɓa aƙidarki.

Lokacin zuwa kuma, kar ki je daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar don ba a karɓar gaisuwa a lokacin, kuma ran na bakwai da safe ake tashi, kar ki bari sai ranar ki tarar an naɗe kujeru. Yawanci sukan liƙa takarda a ƙofa da awannin karɓar baƙi, ki duba. Safe da yamma akan taru a yi addu'a a gidan, sai maza sun kai goma ake yinta, a nan 'ya'yansa za su karanta wata addu'a da ake kira Kadish, ki zaɓi tsakar rana ki huta da tunanin ko in tsaya ko in zauna, in kuma ta riske ki a ciki ki koma gefe ki yi shiru har su gama. Shigarki ta hijabi daidai take, matan aurensu ma suna rufe gashi, wasu da ɗankwali wasu da gashin kanti. Ba musabaha tsakanin mace da namiji, ki gaya wa maigidan kar ya miƙa wa matar hannu, kuma ya sa hularsa don mazansu ba sa zama kai a buɗe. Eh, shi ma ya je, ɗansa ne aka ceta.

Abinci kuwa nasan hannunki yana ƙaiƙayi ki dafa shinkafa da kaza ki cika kula, kar ki soma. Dokar abincinsu ta kosha ta fi tamu tsauri, ba sa haɗa nama da madara, tukunyar kowanne daban, naman halal ɗinmu ma ba sa ci, abin da ya fito daga kicin ɗinki za su karɓa da godiya amma ba mai taɓawa. Ki sayi kayan marmari waɗanda ba a yanka ba, ko ki shiga shagon kosha na unguwarku ki ce kina son abin kaiwa gidan shiva, sun san abin da za su haɗa miki a rufe da tambarinsu. Furanni kuwa ba al'adarsu ba ce a mutuwa, kuɗin ki ba da shi sadaka ga Hatzola ɗin nan, shi suka fi so. Bayan kwana bakwai akwai na talatin, 'ya'ya kuma suna karanta Kadish wata goma sha ɗaya, amma ke abin da ya shafe ki shi ne sati na biyu da na uku lokacin da 'ya'ya suka watse gidan ya yi tsit, ranar fitar da shara ki tura babban ɗanki ya ja mata kwandon.

TAMBAYA

Salam Hajiya. Ni ɗan Zangon Kumasi ne ina aiki a wani shagon kayan gini a Brooklyn. Maigidana Bayahude ya rasu bara, mutumin kirki, shi ya ware min lungu a sito nake sallah kuma Juma'a bai taɓa hana ni fita ba, yana da wani littafi da yake rubuta bashin da yake ba mutane ba ruwa, ni ma da shi na biya kuɗin makarantar ƙanina. Yanzu ɗansa ya gayyace ni wai za a buɗe dutsen kabari, menene wannan? Sannan wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai, duk kyautar da ya taɓa ba ni sai ka ga dala 36 ko 54 ko 180, bai taɓa ba da 50 ko 100 cif ba.

Wani ɗan uwa, daga New York

AMSA

Malam wasiƙarka ta ɗan kwana biyu a hannuna, yau ta samu abokiyar tafiya. Na lambobin mai sauƙi ne, haruffan Ibrananci suna da lissafi kamar yadda namu na Larabci suke da shi, kalmar rai a wurinsu in an lissafa 18 take bayarwa, shi ya sa kyauta da sadaka suke yinsu 18, 36, 54 har zuwa 180 da sama, fatan tsawon rai yake maka ba ƙwauron dala biyu ba.

Littafin bashin kuma ba shi kaɗai ke yi ba, a unguwanninsu akwai irin waɗannan asusun rance marar ruwa birjik, wasu ma ba kuɗi suke ba da aro ba, kujerun biki ne ko rigar amarya ko keken guragu. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka hawa takwas, ya ce na ƙoli shi ne ka ba mutum rance ko aiki ko ka ja shi cikin sana'a har ya tsaya da ƙafarsa ya daina buƙatar kowa. Maigidanka da ya ba ka aiki ya kuma ba ka rance, wannan karatun yake bi.

Buɗe dutse kuwa ɗan gajeren taro ne a maƙabarta, galibi cikin shekarar farko ko dab da cikarta, an kafa dutse mai sunan mamaci an rufe da ƙyalle, sai iyali su taru a karanta Zabura a yaye ƙyallen, wani ya faɗi alherin mamacin, in maza sun kai goma a yi Kadish, ba ya wuce rabin awa. Za ka ga kowa yana ɗora 'yar tsakuwa a kan dutsen alamar an zo an tuna da shi, a bakin ƙofa kuma suna wanke hannu in za su fita. Gayyatar da ɗan ya yi maka girmamawa ce don ba taron kowa da kowa ba ne. A nan malamanmu sun fi tsanantawa fiye da gaisuwar gida tunda tsayuwa ce a kan kabari ana ibada, wasu sun hana wasu sun yi sauƙi in mutum zai tsaya daga baya bai sa baki ba, ka tambayi limamin masallacinku wanda ya san zamanku a can. In zuciyarka ba ta kwanta ba kar ka yi ƙaryar ciwo, ka gaya wa ɗan gaskiya cewa addininka ne, mutanen da ba sa taɓa waya ranar Asabar ba za su kasa gane wannan ba, sai ka tambaye shi inda za a haɗu bayan an dawo ka same su a can. In akwai ragowar bashi a littafin nan da sunanka ka tafi da shi a ambulan, ka tambaye shi ko asusun yana nan ko wa ya karɓi riƙonsa.